Shin Takalmi Mai Tsada Yana Cin Kuɗinsa?

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu takalma a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ɗaya daga cikin manyan kantunan Abuja da na Yamai, ya san yadda akan jera takalma biyu a kan kanta ɗaya, launinsu ɗaya, fasalinsu a ido ɗaya, amma kuɗin wannan ya ninka na wancan har sau goma. In kuwa ya tambayi dalili, amsar da zai samu ba za ta wuce a ce masa wannan ɗan Italiya ne, fata ce zalla, in ka sa shi kamar ba ka sa kome ba, sai ka gaji da shi ka bayar. Daga nan ne mai saye yakan shiga waswasi, domin zuciya tana raya masa araha ba ta ado, aljihu kuma yana tuna masa da kuɗin makaranta da na cefane. Wannan mas'ala, ko da yake a zahiri ƙarama ce, ta cancanci a yi mata bahasi a tsanake, saboda ta haɗa abubuwa biyu waɗanda za a tambayi kowane ɗan Adam a kansu, watau lafiyar jikinsa da dukiyar da ke hannunsa.

Ya kamata a fara da ƙafar kanta, tun da dominta aka yi takalmi. Masana ilmin jiki sun ƙidaya ƙasusuwa 26 a kowace ƙafa, da gaɓoɓi 33, da jijiyoyi da tsokoki fiye da 100, har ya zama ƙafafu biyu sun ƙunshi ƙasusuwa 52, wanda ya kai rubu'in ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Wannan ginin mai ban al'ajabi shi ne ke ɗauke da nauyin mutum tun daga fitowarsa sallar asuba har komawarsa shimfiɗa, kuma duk wata karkata da takalmi ya jawo masa ba ta tsayawa a tafin sawu, sai ta hau idon sawu, ta kai gwiwa, wani lokaci har ƙugu da gadon baya, ta yadda mutum zai yi ta neman maganin ciwon baya alhali asalin illar tana ƙarƙashin dunduniyarsa. Saboda haka ban yarda da masu cewa takalmi duk takalmi ne ba. Wanda ya wuni da bororo a bayan agara, ko kanta ta fito masa a ɗan yatsa saboda matsi, ya san cewa maganar ba haka take ba.

Shari'a ma ba ta raina wannan abu ba. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da sahabbansa sanya takalma, ya kamanta mai takalmi da wanda ke bisa abin hawa. Kuma da wani ya tambaye shi game da mutumin da ke son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, bai ƙidaya wannan cikin girman kai ba. Amma Alƙur'ani mai girma ya hana israfi da tabziri, ya yabi masu tsayawa tsaka-tsaki wajen ciyarwa. Ashe ke nan son takalmi mai kyau halal ne ba tare da wata shubuha ba. Abin da ya rage shi ne a gane inda kyau da inganci suka ƙare, almubazzaranci ya fara.

To, mene ne mutum yake biya idan ya ba da kuɗi masu yawa? Kashi na farko na kuɗin yana tafiya ne ga abin da aka yi takalmin da shi, kuma a nan tsada tana da hujja. Fatar gaskiya tana numfashi, tana shan gumi ta sake shi, kuma da tafiya ta yi tafiya sai ta bi siffar ƙafar mai ita. Ita kuwa ledar da ake shafe ta da launi a kira ta fata, tana tsare zafi da gumi, ta jawo wari da ƙaiƙayi tsakanin yatsu, sa'an nan bayan 'yan watanni ta soma ɓarewa. Mu a ƙasar Hausa bai kamata a koya mana wannan ba, domin fata gadonmu ce. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa jingina ta ga Maroko saboda ta hannun fatakenta ta iso musu. Majemanmu suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, dukawa su yanka su ɗinka. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya sauka Kano a shekarar 1851, ya ba da labarin cewa in aka cire tufafi, takalma na cikin manyan kayan sana'ar birnin da ake kaiwa ƙasashe masu nisa, kuma mafi kyawunsu, waɗanda ake kira taka-saraki, wuri 200 ne kuɗinsu, a zamanin da liyari ɗaya na azurfa yake wuri 2500. Abin lura a cikin wannan labari shi ne takalmin da ya fi kowane kyau a babbar kasuwar ƙasar Hausa ta wancan zamani bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba, ga shi kuwa ingancinsa ya kai shi har gaɓar Bahar Rum.

Kashi na biyu aiki ne, kuma a ganina nan ne muhimmin bambanci yake, ko da yake shi ne wanda ido bai cika kamawa ba. Galibin takalman da ke kasuwa a yau da gam ake manna ƙasansu da samansu, domin hakan ya fi sauri da sauƙin kuɗi a masana'anta. Gam kuwa ba ya jure zafin watan Afrilu a kan kwalta, kuma ba ya jure ruwan damina, shi ya sa za ka ga takalmi bai shekara ba ya buɗe baki. Akwai kuma wanda ake ɗinke ƙasansa da zare, ko da hannu ko da irin keken da Ba'amurke Charles Goodyear ƙarami ya yi wa rajista a ƙarni na 19, wanda har yanzu masu sana'ar garin Northampton na Ingila suke alfahari da shi. Fa'idar ɗinki ita ce idan ƙasan ya cinye sai a farke shi a sa sabo, saman yana nan yadda yake, har ma ya fi daɗin sawa saboda ya riga ya san ƙafar. A ƙaddara mutum biyu, ɗaya ya sayi na naira 10,000 wanda ke mutuwa duk bayan wata shida, ɗayan ya sayi na naira 40,000 wanda zai yi shekara huɗu in an sake masa ƙasa sau ɗaya a kan naira 5,000: na farko zai kashe 80,000 a cikin shekarun nan huɗu, na biyu 45,000. Wannan lissafi misali ne kawai, amma ma'anarsa tabbatacciya ce, kuma akwai abin baƙin ciki a cikinsa, domin talakan da ba ya iya tara 40,000 a lokaci guda shi ne yake ƙarewa da biyan mafi yawa.

Sai kashi na uku, wanda sau da yawa shi ne mafi tsoka, watau suna. A nan mutum yana biyan kuɗin talla, da hayar kanti mai sanyi da madubai, da kwali mai ƙyalli, da ladan ɗan ƙwallon da aka ɗauki hotonsa da takalmin, waɗanda babu ko ɗayansu da ƙafa take amfana da shi. A shekarar 2018 wani kamfanin Amurka mai sayar da takalman araha, Payless, ya yi wata dabara a Santa Monica ta jihar Kalifoniya: ya buɗe kanti na alfarma da wani suna mai kama da na Italiya, Palessi, ya jera takalmansa na dala 20 zuwa 40, ya gayyato masu ji da kansu a sanin ado. Suka zo suka yi ta yaba kyan fata da ƙwarewar ɗinki, har aka sami wanda ya biya dala 640, kafin daga baya a bayyana musu gaskiya a mayar musu da kuɗinsu. Ko da yake talla ce kamfanin ya shirya don amfanin kansa, ta tona wani hali da ke cikin zukatanmu duka, wanda shi ne mukan auna darajar abu da kuɗin da aka rubuta a jikinsa tun kafin mu auna shi da hankali.

Wani zai ce wannan sha'anin ado ne, amma ai shi daɗin sawa yana bin kuɗi. An jarraba wannan da'awa a Jami'ar Dundee ta ƙasar Sikotilan, aka bayyana sakamakon a shekarar 2007. Masu binciken suka ɗauki takalman gudu na kamfanoni uku, daga kowane kamfani na araha da na tsakiya da na tsada, daga fam 40 zuwa fam 75, suka sa maza 43 su yi tafiya da su ba tare da an gaya musu kuɗin kowane ba, ana auna nauyin da ke sauka a sassan tafin sawu da na'ura. Abin da ya fito shi ne na araha da na tsakiya sun kāre ƙafa daidai da na tsada, wani wurin ma sun fi, kuma daɗin da mutanen suka ce sun ji bai bi tsarin kuɗin ba ko kaɗan. Sai dai adalci ya wajabta a lura cewa duk takalman nan na sanannun kamfanoni ne, har na arahar cikinsu ba na banza ba ne. Don haka binciken bai wanke takalmin roba na bakin titi ba, abin da ya nuna shi ne da zarar an kai wani mizani na inganci, ƙarin kuɗi ba ya sayo ƙarin hutu. Wani shehin malami a Jami'ar Calgary ta Kanada, Benno Nigg, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin takalma, shi da abokan aikinsa sun kawo ra'ayi a 2015 cewa daɗin da mutum ya ji da ƙafarsa yayin gwaji yana cikin mafi kyawun abin da zai dogara da shi wajen zaɓe, tun da ƙafafun mutane sun sha bamban kamar yadda fuskokinsu suka sha bamban.

Ba na musun cewa akwai takalmin da tsadarsa ta ilmi ce. Kamfanin Nike ya fitar da wani na gudun dogon zango a 2017 a kan dala 250, mai wani irin soso da farantin kabon a ciki, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Colorado ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kimanin kashi 4 cikin 100. Da wani sabon samfurinsa ne Eliud Kipchoge na Kenya ya gama gudun kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana ranar 12 ga Oktoba, 2019. Amma wannan kayan aiki ne na masu tsere, ba ya ƙarko, kuma ba shi da wata fa'ida ga malamin makaranta ko ɗan kasuwa. A tuna kuma cewa Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci wannan tsere a gasar Olamfik ta Rum a 1960, sa'an nan ya sake cinye shi da takalmi a Tokiyo a 1964.

Akwai wani al'amari da ya keɓanta da zamanmu, wanda masu ƙera takalma a ƙasashen sanyi ba su sa shi cikin lissafi ba, kuma ina ganin shi kaɗai ya isa ya canja hukunci a kan takalma masu yawa. Bahaushe yana tuɓe takalmi sau da yawa a wuni: zai tuɓe don alwala, zai tuɓe a ƙofar masallaci, zai tuɓe in zai hau tabarma a zaure, zai tuɓe tun daga nesa in zai gai da mahaifi ko malami ko sarki. Sau-ciki mai igiya da aka yi domin wanda zai ɗaura da safe ya kwance da dare, in ya faɗo hannun mai wannan rayuwa, ba ya jimawa sai gajiya ta sa a take masa dunduniya a mai da shi silifa, a kuma riƙa cusa masa jiƙaƙƙiyar ƙafa, kuma da bayansa ya karye duk hikimar da aka biya kuɗi dominta ta tafi. Ga kuma wata hasara da ba a auna ta da naira: mutumin da ya bar takalmin rabin albashinsa a ƙofar masallacin Juma'a, da wuya zuciyarsa ta zauna a cikin sahu. Kakanninmu da suka zaɓi fade da sauran takalma masu buɗaɗɗen baya sun yi haka ne bisa sanin ƙasarsu da addininsu, kuma fade na kirgi mai kauri, wanda baduku ya auna ƙafarka ya yanka, yana iya fin ɗan kanti mai tsada dacewa da kai nesa ba kusa ba.

Dacewar nan ita ce asalin daɗin takalmi, kuma ba kuɗi take ci ba, haƙuri take ci. Ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar wuni, don haka gwajin la'asar ya fi na hantsi gaskiya. Yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗaya, sai a gwada duka biyun a tsaye, a bi babbar, a bar sarari kamar fāɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, a tabbata yatsu suna motsi kuma dunduniya ba ta fita in an taka. Lamba ba abin dogaro ba ce, domin 42 na wannan kamfani ba lalle ya zama 42 na wancan ba. In kuwa mai kanti ya ce maka, Alhaji ɗauka kawai, zai buɗe in ka sa shi kwana biyu, to ka sani fata takan saki kaɗan a fāɗi, amma ba ta ƙara tsawo, leda da roba kuwa ba su saki sai dai ƙafarka ta ji jiki. Wannan nasiha ta fi shafar mata da 'yan mata masu sayen takalmin biki mai tsini da matsattsen baki, wanda ke tura nauyin jiki duka zuwa kan yatsu. Tsadarsa ba ta rage masa wannan aibi.

Malamanmu na usulu, kamar Imam Shaɗibi na Andalus, sun kasa bukatun ɗan Adam zuwa larura da bukata da ƙawa, kuma wannan rabo yana da amfani a nan, domin akwai mutanen da takalmi mai inganci ya zama larura a kansu. Na farkonsu mai ciwon sukari. Wannan cuta idan ta daɗe takan kashe jijiyoyin ji a ƙafa, ta raunana gudun jini, har tsakuwa ta shiga takalmi ko ɗinki ya goge fata mutum bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Mai wannan lalura in likita ya umurce shi da takalmi mai fāɗin baki, mai taushin ciki, rufaffe, to kuɗin da zai kashe a kai na magani ne, kuma ina roƙon 'ya'ya da su ɗauke wa iyayensu wannan nauyi kafin su saya musu shadda. Haka manomi a ƙasar da kububuwa ta yi yawa, kamar yankin Kaltungo na jihar Gwambe inda har asibiti aka keɓe domin saran maciji, takalmin roba mai tsawo zuwa ƙwauri garkuwa ne a gare shi, ga shi kuwa ba ya cikin masu tsada. Ma'aikaciyar jinya, da ɗan sanda, da mai gadi, da malamin da ke tsaye gaban allo, da maniyyacin da ke shirin tafiyar Mina da Arfa da Muzdalifa, su ma ƙarin kuɗi domin ƙasa mai kauri da ciki mai laushi ba israfi ba ne a kansu. Sai dai shi maniyyaci ya saba da takalminsa tun a gida, kada ya fara sa shi a ƙasa mai tsarki. Yaro kuwa da ƙafarsa ke ƙaruwa duk bayan 'yan watanni, matsakaici mai ƙwari wanda ya yi masa daidai ya wadatar, irin wanda iyaye suka riƙa saya a kantin Bata, kamfanin nan da aka kafa a garin Zlin na ƙasar Cek a 1894, wanda har yau wata mahadar hanya a Kano take amsa sunansa.

Game da gwanjo, wanda da yawa suke ganin shi ne hanyar samun mai suna da araha, akan dace ƙwarai, musamman a na fata mai ɗinki. Amma a kula da abu biyu: sosan cikin kambas yana mutuwa da amfani ko da samansa yana sheƙi, kuma wata roba da ake kira PU, wadda ake yi wa takalma masu yawa ƙasa da ita, tana ruɓewa da daɗewar ajiya da laima, har ta marmashe a rana ɗaya. A lanƙwasa ƙasan, a danna shi da farce, a duba ko ya cinye ta gefe guda.

Hukuncina a taƙaice shi ne, tashi daga mafi araha zuwa matsakaici mai fatar gaskiya da ɗinki yana cin kuɗinsa, har da riba. Tashi daga matsakaici zuwa na ƙoli kuwa, in ba larurar lafiya ko ta sana'a ba, galibinsa kuɗin suna ne, wanda mai wadata yana iya biya in ya so, muddin ya san ƙawa ya saya kuma bai tauye hakkin iyalinsa ba. Abin da ke damuna shi ne har yanzu muna fitar da fatunmu waje, a ƙera takalma da su a Italiya da Sifen, su dawo mana da tambarin wasu mu biya ninkin-ba-ninki, alhali dukawan kasuwar Kurmi da na Zariya da Damagaram, da masu sana'ar Ariaria ta Aba, suna nan da basillarsu. Su ma akwai gyara a kansu, su daina cusa kwali a ƙarƙashin fata, su kyautata awo da gamawa, su cika alkawarin ranar karɓa. Mai karatu kuwa, in lokacin sayen takalminka ya yi, ka je wurin baduku da la'asar, ka sa ya auna ƙafafunka duka biyu, ka tambaye shi ko za a iya sake wa takalmin ƙasa in ya cinye, sa'an nan ka biya shi hakkin aikinsa ba tare da ka matse shi a ciniki ba.